Ƙaramin Akwatin Wutar Inna

Wutar ta ɗauke ne daidai lokacin da albasa ta fara ja a cikin mai. Babu wanda ya damu, don a unguwar ɗaukewar wuta da magariba ta zama kamar tarin tsoho, an daina juyowa a duba. Matar gidan ta ci gaba da juya tukunyarta a hasken murhu. 'Yarsu tilo, wadda kowa ke kira Takwara saboda sunan kakarta ta ci, ta rufe littafin makaranta ta kwantar da kai a kan tebur. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Duhu ya fara taruwa a lungunan ɗaki, gidan ya yi tsit har ana jin ɗigar famfon banɗaki.

Mai gidan ya ajiye kyamarar da yake gogewa ya miƙe. Sana'arsa ɗaukar hoto, amma Injiniya ake ce masa, tun wata shekara da ya gyara dutsen guga ya kuma hana dangi su manta. Ya durƙusa a ƙarƙashin teburin talabijin ya jawo akwatin wuta, wani ɗan ƙaramin abu ruwan toka mai mariƙi a sama, da ramukan jona waya a gaba, da ɗan gilashi mai nuna yawan cajin da ya rage. Da hannu ɗaya ya ɗauke shi kamar buta, ya nufi ɗakin mahaifiyarsa.

Inna na zaune a bakin gado, ta dafa gwiwa da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ciwon ƙirji ya daɗe da kama ta, kuma da yamma yake taso mata. Likita ya haɗa ta da injin numfashi, mai siririyar roba da ake maƙalawa a hanci. Injiniya ya zare wayar injin daga bango ya jona a akwatin. Injin ya yi gurnani ya tashi. Ya tsaya a kanta, amma ba ita yake kallo ba, lambobin gilashin yake kallo suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Kashe haka nan, ɗan nan," in ji Inna bayan ɗan jim. "Na samu sauƙi."

"Kin tabbata, Inna?"

"To ni da ƙirjina za ka fi ni sani? Ɗauki abinka ku kunna fitila, yarinya na da karatu."

Kullum haka take faɗi, kullum kuma haka yake kashewa da sauri, da wani daɗi a ransa wanda bai taɓa yarda ya tsaya ya dube shi ba. Ya koma falo ya jona fitila da batirin kyamara. Bai gama zama ba dutsen farko ya faɗo.

A kan kwanon rufi ya sauka, kwal, sannan ya gangaro a hankali ya faɗa tsakar gida. Na biyu ya biyo baya. Matar ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana faɗan yaran maƙwabta, ko da yake ta san gidan da ke bayansu kango ne, na gefensu kuma ma'ajiyar siminti ce. Na uku bai taɓa rufi ba. A tsakiyar falo ya sauka, ɗakin da tagoginsa ke rufe, ya mirgina ya tsaya a jikin akwatin wutar.

Takwara ta ɗauka. "Baba," ta ce a hankali, "jiƙaƙƙe ne."

Dutse ne baƙi mai santsi, wani farin zare ya kewaye shi, irin wanda ruwa ya daɗe yana lasa. Kogi mafi kusa da gidan sai an yi doguwar tafiya a mota. Injiniya ya karɓa ya juya shi a hasken fitila, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ƙarya yake yi.

Ga abin da matarsa ba ta sani ba, da 'yarsa, da yayarsa.

Lokacin da likita ya ce kada a bar Inna babu inji in wuta ta ɗauke, yayarsa ce ta kira shi. Yaya mace ce mai kaifin harshe, shugabar wata makarantar yara, har yanzu magana take masa kamar ɗan ajinta. Amma ranar ta sauke murya. "Kai ne ka san kayan wuta," ta ce. "Ka zaɓo wa Inna wanda ya dace, mun sakar maka." Maganar ta yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Ya ce ba sai kowa ya sa hannu ba, shi zai saya. Ya yi ta bincike a waya, yana cika kunnen matarsa da zancen batir mai ƙarko da batir mai saurin mutuwa, da wanda ake caji da hasken rana, har ta ce don Allah ya bari ta huta.

A shagon, mai sayarwa ya nuna masa guda biyu. Ɗaya babba ne mai tayoyi, sai mutum biyu sun kama kafin ya hau mota. Ɗayan ɗan ƙarami ne, kyakkyawa, ya zauna a kan kanta kamar rediyo.

"Me za ka jona masa?" in ji mai shagon. "Daga nan ake fara zaɓe. Kowace na'ura da ƙarfin wutar da take ja, a rubuce yake a bayanta. In waya ce da fitila da kwamfuta, ƙaramin ya wadatar. In kuwa akwai abu mai inji a ciki, wanda zai yi ta aiki ba tsayawa, ɗauki babban, kada ka yaudari kanka."

Injiniya ya karanta bayan injin Inna da safiyar ranar, ya san abin da ke rubuce. Ba rashin hali ba ne kuma, babban bai fi ƙarfinsa ba. Amma yana da wasu abokai da suke fita daji lokaci-lokaci, su kafa tanti a bakin kogi su kwana, su suna kamun kifi shi yana ɗaukar hoton tsuntsaye, kuma kullum batirin kyamararsa kan mutu daidai sanda tsuntsun da yake jira ya sauka. Ya ɗaga ƙaramin ya ji ba nauyi. Ya auna shi da ido, ya ga zai shiga jakar bayansa cif. Ya ce wa kansa ai Inna ba ta daɗewa a kan inji, ai wutar ma ba ta jimawa take dawowa, ai ba a san maci tuwo ba... ya dai jero wa kansa dalilai har suka ishe shi.

"Waya ce da fitila da kyamara," ya ce. Mahaifiyarsa ba ta fito daga bakinsa ba a shagon nan.

Ranar da ya kawo shi gida, Yaya ta zo gani. Aka jona, inji ya tashi, aka yi ta sa masa albarka. Shi ya ga yadda lambobin ke gudu, ya gane akwatin ba zai riƙe injin ko na tsawon dahuwar shinkafa ba, sai ya matsa ya tsaya a gaban gilashin. A nan ne Inna ta fara cewa a kashe, ta samu sauƙi. Ya kama wannan magana ya riƙe ta da hannu bibbiyu.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne abin haushin. Da fitar abokan ta zo, sai ya ce ai wuta ta zauna kwanan nan, kuma ya kamata a gwada akwatin a fili, ya saka shi a jaka ya tafi. Suka kafa tanti a gindin wasu manyan duwatsu a bakin ruwa, inda akwai wani tsagi mai zurfi mai sanyi. Tun faɗuwar rana ya jona babbar fitila ya haske cikin tsagin, wai mujiya yake jira. Abokan suna yaba akwatin, shi kuma kansa ya kumbura, ya ba su labarin shagon har da kwaikwayon muryar mai sayarwa, "Me za ka jona masa?" Ya ce wai don injin tsohuwa ake so ya jajibo mai tayoyi, da ya biye musu da yanzu bayansa ya karye. Aka yi dariya. Ƙasan wurin shimfiɗe take da baƙaƙen duwatsu masu farin zare.

Daga maraicen da dutsen farko ya faɗo, jifa ya zama abokin magariba a gidan. In akwai wuta, shiru. In ta ɗauke, Injiniya ya kai akwatin ɗakin Inna, ta ce a kashe, ya dawo da shi falo, sai duwatsu su fara sauka. Da zarar an fara, matarsa kan yi sauri ta jawo ƙofar Inna ta rufe, wai kada hankalin tsohuwa ya tashi, sannan su taru su uku a falo suna kallon rufi. Da safe ta bi ta tsince duwatsun ta zuba a wani tsohon baho a bayan kicin, don ta ce ba za ta zubar da abin da ba ta san mai shi ba. Rana ta doke su yini guda, amma ba sa bushewa. Ta daina barin shanya a waje bayan la'asar. Maƙwabta suka koma gaishe su daga nesa.

Sannan sauti ya zo. 'Yar fankar da ke cikin akwatin, wadda da take ɗan zuu a hankali, ta koma wani iri. Ta ja, ta tsaya, ta saki da ɗan fito a ƙarshe, ta sake ja. Duk wanda ya taɓa zama kusa da Inna da yamma ya san wannan numfashi. Matar ta ce a fitar mata da abin daga gida. Injiniya ya ce ƙura ce ta shiga fankar, ya kwance ya hure ya mayar, sai ya ji yana numfashin tun bai kunna shi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya daina haɗa ido da kowa, ya daina shiga ɗakin Inna sai dole, abinci ma a tsaye yake ci. Ya yi tunanin ya je ya sayo babban a ɓoye, har ƙofar shagon ya kai, amma da ya tuna Yaya za ta tambayi laifin ƙaramin sai ya juyo.

Da a kansa abin ya tsaya da da sauƙi, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ya kamata ruwa ya doka. Amma wata magariba Takwara ta ɗago kai daga littafinta, ta dafa gwiwa da hannu biyu, kafaɗunta suka fara hawa suna sauka. Yarinyar da ke cin gasar tsere a makaranta ta kasa ƙetare falo. Uwarta ta rungume ta tana kiran sunan Allah. Aka kai ta asibiti, aka duba, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce huhun nan garau yake. In wuta ta dawo sai ta warware, ta tambayi me ya sa kowa ke kuka. In ta sake ɗaukewa sai abin ya dawo.

Ranar da ta fi muni, Takwara ta tashi cikin shaƙewar nan ta je ta zauna a kan akwatin, ta juyo ta dubi ubanta da idanun da ba sa ƙiftawa. Murya ta fito daga bakinta, ta namiji, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Me za ka jona masa?"

Kofin da ke hannun matar ya suɓuce. "Baban Takwara, me take cewa? Me take nufi?"

"Ban sani ba," ya ce.

Ya faɗi haka 'yarsa na kokawa da numfashi a gabansa. A wajen nan kam babu mai iya wanke shi, ko mai ba da labari. Shi ma ya san haka. Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, ya tsaya a duhu yana jin tsanar kansa. Amma kunyar da ya kamata ta buɗe bakinsa ita ce ta ƙara ɗinke shi, don in ya faɗa yau, sai a tambaye shi me ya hana shi faɗa jiya.

Yaya ce ta zo da malamin. Dattijo ne siriri mai tabarau, ya yi karatu mai zurfi kuma ba ya son hayaniya. Bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya iso rana na shirin faɗuwa, ya zauna a kan darduma a falo, ya saurari labarin daga bakin matan har ƙarshe bai katse su ba. Sannan ya ce a kawo masa bahon. Ya ɗauki dutse ɗaya ya shinshina, ya mayar.

"Akwai mai zuwa bakin ruwa a gidan nan?"

Matar ta dubi mijinta. "Yakan je ɗaukar hoto," ta ce.

Malam ya gyaɗa kai. Suka zauna suna jira. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka, ya tafi. Daga ɗakin Inna ana jin gurnanin injinta a wutar bango. Can sai fanka ta rage gudu, gurnanin ya yanke. Injiniya ya tashi ya kai akwatin, ya dawo da shi ba da jimawa ba kamar kullum. Dutse ya sauka a kan rufi, matar gidan ta jawo ƙofar Inna kamar kullum.

Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ba, bai yi sauri ba. Takwara ta dafa gwiwa. Numfashinta ya fara fito. Ya ci gaba da karatu yana yayyafa mata ruwan gorar da yatsunsa, har jikinta ya ɗauki rawa, ta toshe kunnuwa, sannan muryar ta fito.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. A tsagin dutse nake, bakin kogi."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne." Ƙirjin yarinyar ya ja ya saki. "Ina da uwa tsohuwa, idonta ba ya son haske. Ya zo ya cusa mana rana a ɗaki, suna ta dariya a ƙofarmu. Na biyo shi in rama. Da na zo sai na tarar ba ni aka fi cuta ba. Kun san abin da tsohuwar gidan nan take yi in ya ɗauke akwatinsa ya fita? Ƙarfen gado take kamawa. Tana cusa gefen mayafi a baki don kada ku ji. Ni nake jifa in kira ku, ku kuma sai ku rufe mata ƙofa ku zauna kuna kallon rufi."

Matar ta rufe fuska da hannuwa. Ita ce ke jan ƙofar nan kullum, da kyakkyawar niyya.

"Na yi jifa ba ku ji ba," in ji muryar. "Na yi numfashin a cikin akwati ba ku ji ba. Sai na ce bari in sa muku shi a ƙirjin da kuke ji."

"Me kake so ka fita?" in ji malam.

"A bar mini ita duk magariba, har ranar da tsohuwa ta huta."

"Ko numfashinta ɗaya ba za a bar maka ba," in ji malam. "Ba ita ta haske muku ɗaki ba. Faɗi wani, in ba haka ba in ci gaba daga inda na tsaya."

Muryar ta sake fitowa.

"To ya ba da amsa. Tambayar da ya yi dariya da ita a ƙofarmu. Ya amsa ta a nan, da bakinsa, a gaban yayarsa. Na san amsar, amma ba zan ɗauke masa ba." Kan yarinyar ya juya a hankali. "Me za ka jona masa?"

Malam ya ajiye carbinsa ya dubi Injiniya ta saman tabarau. "Wannan ba nawa ba ne, ɗana. Naka ne."

Injiniya ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Yaya, ta zuba masa ido ba ta fahimci komai ba, har yanzu yarda ce a fuskarta. Ya dubi 'yarsa, ya ga leɓenta ya fara sauya kala, ƙananan yatsunta sun damƙe gwiwa yadda na Inna ke yi. Ya zube a gabanta ya kama hannuwan.

"Mamana," ya ce. Bai ɗago ba ya ci gaba. "Yaya, akwatin nan ba zai iya ɗaukar injin Inna ba. Tun a shago na sani. Mai shagon ya nuna mini wanda zai iya. Ya tambaye ni me zan jona, na ce waya da fitila da kyamara. Ban ambaci Inna ba. Don zai shiga jakata in na tafi daji, shi ya sa na ɗauke shi."

Yaya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa. "Ni na ce mun sakar maka," ta ce a hankali, kamar da kanta take.

Sai aka ji ƙofa ta buɗe. Inna ce, ta riƙe jikin ƙofar da hannu biyu, tana magana tana tsayawa ta nemo iska.

"Ku ƙyale shi. Na sani."

"Kin sani, Inna?" in ji Yaya.

"Tun ranar farko. Na ga ya matsa ya tsaya a gaban gilashin. Haka yake tsayawa a gaban duk abin da ya fasa, tun yana yaro."

"To me ya sa kika yi shiru?"

"In na bari abin ya yi ƙara ya mutu a gabanki, ina zai sa fuskarsa? Kowa na ce masa Injiniya." Ta tsaya ta ja numfashi. "Na ce in na daure, wata rana zai je ya canzo da kansa, ba wanda ya ji." Idonta ya kai kan jikarta, ya cika da ƙwalla. "Ban san a ƙirjin takwarata zai ƙare ba. Ni ma da laifina."

Da zaginsa ta yi, ko ta ɗaga hannu ta mare shi a gaban kowa, da Injiniya ya samu inda zai tsaya. Ya kifa goshinsa a ƙasa ya yi kuka irin na yaro.

Malam ya bari aka ɗan jima, sannan ya juya ga yarinyar. "Ka ji, an biya ka. Yanzu ni ma ina da tambaya. Tun yaushe kake gidan nan?"

"An daɗe."

"Kana nan kana jifa, kana koya wa ɗan wata yadda ake kula da uwa. Taka tsohuwar mai ciwon ido, wa ka bar mata?"

Kan yarinyar ya sunkuya. Da muryar ta dawo, duk kaurin nan ya tafi.

"Ba kowa."

"Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tashi ka tafi gida. Ka fita ba tare da ka cuce ta ba, kuma kada ka dawo."

"Zan tafi. Amma ya daina haska mana ɗaki."

"Na daina," in ji Injiniya daga ƙasa.

"Da me za mu gane ka tafi?" in ji malam.

"Zan kwashe kayana."

Takwara ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta faɗa cinyar uwarta. Ta ja wani dogon numfashi mai tsabta, ba fito, ta sake ja, sannan ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Fankar akwatin ta koma ɗan zuu ɗinta na da. Da aka haska bahon, babu dutse ko ɗaya, sai ruwa garai-garai a ƙasansa.

Wuta ba ta dawo ba. Injiniya ya tashi ya kama mahaifiyarsa ya zaunar da ita, ya jawo injin ya jona a akwatin. Ba a jima ba ta buɗe baki, don ta saba.

"Kashe haka..."

"A'a, Inna," ya ce. "Har sai ya mutu."

Kafin akwatin ya mutu Yaya ta juyo da motarta ƙofar gida, aka tafi da Inna da injinta gidanta, inda akwai wuta a daren.

Washegari ya koma shagon. Mai sayarwa yana goge kanta, ya ɗago ya yi tambayarsa ta kullum. "Me za ka jona masa?"

"Injin numfashin mahaifiyata."

Mutumin ya dube shi, ya gane shi, ya dubi jakar da ke bayansa. Kallon ya fi faɗa ciwo. Su biyu suka kama babban suka ɗora a mota. A gida Injiniya ya jawo shi shi kaɗai a kan tayoyinsa, gumi na zuba, bai yarda kowa ya taya shi ba, har ya ajiye shi a gefen gadon Inna ya sa caji. Ƙaramin kuwa ya ajiye shi a bakin ƙofar gida.

Da aka dawo da Inna ta gan shi a nan. "Ina za ka kai wannan?"

"Zan rabu da shi, Inna."

"Bar shi mana. Ai kana son tsuntsayen nan. Ka ma daɗe ba ka nuna mini hotonsu ba."

Ya ɗauki akwatin ya mayar ƙarƙashin teburin talabijin.

Da magariba wuta ta ɗauke yadda ta saba. Babu jifa. Matar ta kunna kyandir a kicin, Takwara ta jawo fitila kusa da littafinta, ƙofar Inna a buɗe take har bango. Injiniya ya jona injin a babban akwatin, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifiyarsa, ya juya wa gilashin baya. Ya saurari kafaɗunta suna lafawa a hankali. Yana jira ta ce ta samu sauƙi, don yana so ya san iya lokacin da take bukata a kan injin, abin da bai taɓa sani ba tun ranar da ya shigo da ƙaramin gidan nan.

Aka gama girki, aka ci, aka wanke kwanuka. Takwara ta gama karatunta ta rufe littafi. Inna ba ta ce a kashe ba.